Jan fenti a katangar Baba

Inna ce ta kira ni da wayar ƙanwata, wata Talata bayan la'asar, ina zaune a ofishin malamai a Birnin Kebbi da tarin takardun jarrabawa a gabana. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ka taho gida, an shafa ma katangar ubanku jan fenti." Garinmu yana can wajen Jega, ba sai na kama suna ba. Baba ya rasu shekara huɗu kafin wannan rana, ya bar mana gida a bakin gari, da lambu a bayansa, da gonar tudu ta gero da wake. Ba mu raba gado ba, don ba mu ga abin gaggawa ba. Daga wannan kira zuwa ranar da kuɗin diyya suka shiga asusu, shekara ɗaya da wata bakwai aka yi. Na sha zaman benci, na ƙone mai ba adadi, amma da na zauna na yi lissafi sai na ga yawancin abin da ya nemi kuɓuce mana, a safiya ɗaya ya nemi kuɓucewa, safiyar da ba na nan.

Ranar Asabar na isa. A jikin katanga an zana alamar X, ƙarƙashinta lamba, ga kibiya tana nuna cikin gida. Turaku masu jan ƙyalle sun ratsa lambu, sun bi ta gindin ɗorawa, sun miƙe cikin gonar tudu. Yara suka ce masu safiyo ne suka kafa su. Na nufi wurin hakimi, wanda a wajenmu shi ne mai gari, uban ƙasa ke samansa. Ya ce takarda ta zo cewa titi zai bi ta nan, kuma za a yi taro a firamare. Bayan kwana tara jami'ai uku suka zo, ɗaya ya yi bayani da Hausa mai kyau: gwamnati za ta biya diyya, za a zo ƙidaya nan da mako biyu, kuma duk wanda ya ɗora bulo ko ya dasa itace daga yau, ya yi wa kansa. Wani dattijo ya miƙe ya tambaya nawa za a biya fuloti ɗaya. Jami'in ya ce komai bisa doka za a yi. Muka tafa. Ba wanda ya tambaya me dokar ta ce, har ni da ake kira malam. A daren nan Baffa, ƙanen Baba, ya zauna a zaure yana yanka gonar tudu fuloti-fuloti da baki, yana ninkawa da farashin da maƙwabci ya sayar da nasa bara, har ya ware wa Inna kujerar Makka. Cinikin biri a sama muka yi, mu duka.

Mako biyu ya zama wata biyu da ɗoriya. Sai wata Laraba a tsakiyar rani, ina cikin aji, masu ƙidaya suka dira ba sanarwa. Ƙanena ne a gida, ɗan shekara goma sha tara, sai Baffa da aka kirawo daga kasuwa. Yadda suka ba ni labari, mutum huɗu ne: mai tef ɗin awo, mai fom, mai ɗaukar hoto da waya, sai ɗaya yana tafe gaba yana nuna itatuwa da sanda yana kiran adadi. Gida sama da talatin suke son gamawa a yinin, don haka namu bai ci minti arba'in ba. Aka ba Baffa wani allo mai lamba ya riƙe a ƙirji, aka ɗauke shi hoto gaban katanga, aka rubuta sunansa, ƙanena ya sa hannu a matsayin shaida. Ba a ba su kwafi ba, su ma ba su nema ba. Da na iso da magariba na tambayi ƙanena mangwaro nawa aka rubuta. Ya ce, "Yaya, na dai ga suna rubutu." Rijiya fa? Ya ce tana rufe da tsohon kwano da kara saboda awaki, bai tuna ya nuna musu ba. Ban yi masa faɗa ba. Ni ne babba, ni ya kamata in bar masa takarda a hannu.

Wani abokin aikina da aka taɓa rushe wa mahaifinsa shago ne ya ce in nemi mai kimanta kadara, kuma in tabbatar mai rajista ne. Akwai hukumar da ke yi musu rajista, ESVARBON, wadda aka kafa da dokar soja a 1975. Jan kunnen ya yi amfani, domin tun ranar taron firamare wasu samari masu jaka suka cika gari suna karɓar dangwale, suna alkawarin fito da kuɗi ninki biyu. Wanda na samu dattijo ne, ofishinsa ɗaki biyu a saman bene, fanka tana juyi da ƙyar. Na zuba masa lissafin Baffa. Ya bar ni na gama, sannan ya jawo wani ɗan littafi da ya sha hannu ya ce, "Malam, gwamnati ba sayen ƙasa take yi a hannunka ba, don a wurin doka ƙasar ba taka ba ce." Dokar Amfani da Ƙasa ce ta 1978, ta zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo. Sashe na 1 ya damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ni da kai muke da shi haƙƙin zama da amfani ne, kuma sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke shi saboda aikin jama'a. Sashe na 29 ne ya faɗi abin da ake biya, wato abin da ka aza a kan ƙasar wanda amfaninsa bai ƙare ba. In gini ne, a lissafa abin da zai ci a sake irinsa, a cire tsufan da ya yi. In amfanin gona ne da itatuwa, a bi farashin da babban jami'in filaye ya tsayar. Ita kuwa ƙasar kanta, abin da za a mayar maka shi ne kuɗin hayar da ka biya gwamnati a shekarar da aka soke. Mu da ba mu da takardar C of O, wato shaidar haƙƙin fili da gwamna ke bayarwa, ba mu taɓa biyan ko kwabo ba.

Na ce to gonar tudu fa, eka huɗu, titi zai cinye rabinta? Ya ce, "Me ke cikinta ranar da suka zo?" Na ce an girbe tun kaka, sai kututturen kara. Ya buɗe tafin hannuwansa biyu, bai ƙara ba. Na sauko benen nan gwiwa a sanyaye. Gonar da ta ciyar da mu tun muna goye, a takarda fili ce fayau.

Muka daidaita a kan kashi goma cikin ɗari na abin da aka biya, sai an biya, ni kuma in riƙa zuba masa mai duk zuwa. Takardar wakilcin da ya kawo na karanta ta sau biyu. Ta ba shi ikon ƙirga, da rubuta rahoto, da magana da yawunmu, amma ba ta ba shi ikon karɓar kuɗi ba. Wannan layin shi ne abin dubawa. Wasu a garinmu sun dangwala wa samarin nan takardar da ta ce a zuba kuɗi a asusun wakili, kuma har yanzu ana zaman sulhu a ƙofar hakimi.

Ya zo ranar Lahadi da yaronsa, muka yi awa biyar a kan abin da aka yi wa minti arba'in. Kowane itace sai ya zagaye shi da tef daidai ƙirji, ya dubi rassa, ya tambayi yaushe ya fara 'ya'ya, yaron ya shafa masa lamba da farin fenti ya ɗauki hoto. A jadawalin da aka yi mana aiki da shi itace kashi uku ne: babba mai 'ya'ya ana biyansa cikakke, matashi rabi, dashe kuma rubu'i. Kalma ɗaya a fom tana iya raba kuɗin itace biyu ke nan. Muka samu mangwaro 23, 17 cikinsu manya, gwaiba 9, lemun tsami 4, ɗorawa 2 da Inna ke daddawa da kalwarsu, kuka da tsamiya ɗai-ɗai, dogonyaro 12 a jikin shinge, sai gawo 5 a gonar tudu da mu ba mu ma ɗauke su a bakin komai ba. Baffa ya dafa babban mangwaron bakin rijiya ya ce, "Wanga icce ubanku da hannunai ya dasa shi, shekarar da aka yi jiha." Yana nufin 1991, da aka cire Kebbi daga Sakkwato. Mai kimantawa ya rubuta wannan ma, ya ce shekarun itace hujja ne.

A cikin gida titi zai ɗauki zaure, ɗaki biyu na gaba, katanga, masai, da ruhewa biyu da Inna ke zuba gero. Ya auna tsawo da faɗi, ya ƙwanƙwasa bango ya ji ko bulo ne ko tubalin ƙasa da aka yi wa shafen siminti, ya leƙa rufi, ya duba daɓe, ƙofofi, tagogi, har wayar wuta. Rijiya ya zura mata igiya ya auna zurfi, ya ƙirga zobban simintin da aka jera ciki. Na nuna masa inda Baba ya cike wani tsohon kududdufi da jar ƙasa, tifa kusan ashirin, kafin wurin ya zama lambu. Ya ce doka ta yarda a biya kuɗin ciko, amma sai da shaidar takarda. Baba ba mutumin rasit ba ne, mai tifar ma ya riga mu gidan gaskiya.

Bayan wata uku aka liƙa jerin sunaye a sakatariya, aka ba da kwana goma sha huɗu na ƙorafi. Ƙanena ya turo mini hoton shafinmu. Sunan Baffa ne a kan gidan, tun da shi ya riƙe allo. Mangwaro 19 aka rubuta, takwas kaɗai manya. Rijiya babu, ruhewa babu, gawo babu. Ɗakunan bulo an sa su tubalin ƙasa. Ba na zargin kowa da mugun nufi, don wanda zai gama gida talatin a yini ɗaya cikin ranar Maris ba zai tsaya ƙwanƙwasa bango ba. Sai dai kuskuren duk gefe ɗaya ya karkata, kuma ba gefenmu ba.

Mai kimantawa ya rubuta takardar ƙorafi, ya haɗa da rahotonsa mai hatimi da hotuna masu lamba. Ya ce in yi kwafi uku, in kai ofishin filaye da kaina, kada in baro wurin sai an buga wa kwafina hatimin karɓa da kwanan wata. Zuwan farko mai hatimin ya tafi jana'iza, a na biyu na samu. Daga nan fayil ya fara yawo daga tebur zuwa tebur, ni kuma na koyi cewa a wannan gida lambar fayil ta fi sunanka daraja. In ka ce kai ɗan wane ne, za a ce ka zauna. In ka faɗi lamba, masinja zai buɗe babban littafi ya gaya maka teburin da ya kwana. Sau bakwai na je cikin wata biyu, ina zama a baranda tare da tsofaffin da suka taso daga ƙauye tun asuba, wasunsu ba su ma san ana buga hatimi ba. Mutum uku na rubuta wa takardar ƙorafi a kan gwiwata. Da na fara gajiya na tambayi mai kimantawa, in aka ƙi fa? Ya ce sashe na 30 ya ce a kai saɓanin adadin diyya gaban kwamitin amfani da rabon filaye na jiha. Sashe na 47 na dokar ya so ya rufe ƙofar kotu a kan adadin, amma sashe na 44 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a biya diyya ba jinkiri, kuma ya ba mutum damar zuwa kotu a kan nawa ya kamata a ba shi. "Amma kotu shekaru take ci," in ji shi, "mu fara da ta kusa."

A tsakiyar damina aka turo mutum biyu sake dubawa. Wannan karon na ɗauki hutu, ga mai kimantawa, ga wakilin hakimi, kuma ni da kaina na yaye kwanon rijiya. Babbansu mutumin kirki ne. Ya kankare shafen bango da mukulli, ya ga bulo, ya gyara a gabanmu. Mangwaro ya yarda 23 ne, amma ya tsaya kan manya 15. Na fara ja-in-ja, mai kimantawa ya taka mini ƙafa, na yi shiru. Rijiya ta shiga, ruhewa ta shiga, gawo ya shiga, ciko bai shiga ba. Na nuna masa gonar tudu, gero kore shar ya kai ƙugu, domin mun shuka da aka ce ba a hana ba amma ba mai biya. Ya ce ya gani, sai dai ranar ƙidayar farko ake bi. Kafin in sa hannu na karanta fom ɗin layi-layi, na ɗauki hoton kowane shafi. Abin da ya ƙaru a yinin nan ya kusa rabin abin da aka fara rubuta mana, ya biya ladan mai kimantawa har da saura mai yawa.

Saura suna. Baffa bai yi gardama ba ko kaɗan, amma ofis ba ya cire suna da baki. Aka nemi shaidar rasuwar Baba, wadda ba mu da ita tun da a gida ya cika, sai da na bi ta hukumar ƙidaya. Aka nemi takardar rantsuwar Baffa cewa gidan ba nasa ba ne, da wasiƙar hakimi mai hatimin uban ƙasa, da takarda daga kotun shari'ar Musulunci da ta lissafa magada da wanda suka wakilta, da hoton fasfo da lambar NIN ta kowa. Alƙali ya nemi shaidu biyu, ya kira magada ɗaya bayan ɗaya, har ƙanwata da ke aure a Yauri sai da ta zo. Da ya tambayi hujjar mallaka, Inna ta kwance wani ƙullin ƙyalle da ta ciro daga akwatinta na ƙarfe. Takardar cinikin lambu ce da ajami, tawada ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, ga dangwalen shaidu uku da hatimin tsohon hakimi. Magatakarda ya yi ta inda-inda, alƙali ya karɓa da kansa ya karanta da ƙarfi, iyaka gabas wane, iyaka yamma ƙorama. Inna ta share ido da gefen mayafi. Tsakanin kuɗin rantsuwa, hotuna, kwafe-kwafe, mota da abincin shaidu, wannan zango kaɗai ya ci mini kusan rabin albashin wata.

An ɗan yi gutsiri-tsoma a kan albasa. Baba ya ba wani bawan Allah aron gefen lambu yana noman rani da injin ban ruwa, kuma albasarsa na tsaye ranar ƙidaya. Baffa ya ce kuɗin namu ne tun da wurin namu ne. Mai kimantawa ya ce doka ta ambaci mai haƙƙin fili da wanda ke amfani da shi, kowa da rabonsa. Inna ce ta kashe maganar: "Shi yas sayi mai, shi yay yi ban ruwa, a ba shi abinai." Ɗan aro ya samu kuɗin amfanin gona, mu masu gonar gado ba mu samu ba, kuma abin da ya raba mu watan da aka zo ne kawai.

Sai jira, kusan shekara guda ba labari. Darajar ranar da aka soke haƙƙi ake biya, amma siminti da kwano ba su jira fayil ba. Duk wata in na tambayi buhun siminti sai in ji ɗakin da za mu sake ginawa yana ƙanƙancewa. Sashe na 29 ya ce in an jinkirta biyan diyyar gini a haɗa da ruwa daidai na banki. Da na gaya wa Inna ta ce, "Ni ba ni cin kuɗɗin ruwa." Na ce ta kwantar da hankalinta, ba wanda zai matsa mata. A takardar da aka ba mu daga baya ko sisi ba a sa ba.

Ranar tantancewa ta ƙarshe aka gano sunan mahaifina a banki da "u" aka rubuta shi, a NIN kuma da "o". Harafi ɗaya ya ci mako biyu da wata takardar rantsuwa. Sannan aka miƙo fom da ke cewa ka karɓi cikakken haƙƙinka, ba ka da sauran da'awa. Mai kimantawa ya ce in na sa hannu, tada magana daga baya zai yi wuya. Na kira Inna da Baffa, suka ce da hanau gara mannau. Na sa. Alat ya shigo bayan kwana goma sha tara, ina cikin alwalar azahar. Da na raba kuɗin itatuwa na ga abin da aka biya babban mangwaro ɗaya bai kai abin da 'yan sari ke ba mu na 'ya'yansa a shekara mai kyau ba, itacen da in ka dasa sabo sai ka jira shekaru kafin ka tsinki na farko. Laifin ba na mai ƙirga ba ne, jadawalin ne ya tsufa. Na gwamnatin tarayya ma tun 2008 yake, sai a 2024 aka sabunta shi, inda babban mangwaro a yankin Arewa ta Tsakiya ya tashi daga naira 4,000 zuwa naira 105,000. Wannan tazara kaɗai ta isa mutum ya tambaya tun a taron farko, da jadawalin wace shekara za a yi masa aiki. Ya kuma tambayi wa ke ba da kuɗin aikin, domin in akwai hannun Bankin Duniya, ƙa'idarsu ita ce a biya cikakken kuɗin maye gurbi ba tare da cire tsufa ba, a kuma duba asarar ƙasar da ta sana'a.

Aka ba mu kwana talatin mu tashi. Mun tambaya aka ce mu kwashe abin da za mu iya, muka cire kwano, ƙofofi da tagogi, muka sayar wa masu gidan burodi itacen mangwaro. Ranar da za a sare na bakin rijiya Inna ta tafi wuni gidan ƙanwarta. Geron da muka sake shukawa a shekara ta biyu kuwa ya fara fitar da kai katafila ta iso, wannan karon caca ta ci mu. Kotu ta raba kuɗin, Inna tumuni, namiji rabon mace biyu, sannan muka haɗa abin da za mu iya muka tada ɗaki ɗaya da katanga a sauran filin. Zaure bai samu ba tukuna.

Yanzu duk wanda ya zo mini da maganar jan fenti, ba na barinsa ya fara da nawa za a ba shi. Ina ce masa ya koma gida a ranar ya ƙirga komai a littafi, itace da itace, ya ɗauki hoto mai kwanan wata, ya buɗe duk abin da ke rufe, ya bar kwafi a hannun wanda ke kwana a gidan, tun da masu ƙidaya ba sa sallama kafin su zo. Ya nemi mai kimantawa kafin ƙidaya, ba bayanta kamar ni ba, don gyara a gaban mai fom minti biyar ne, gyara a ofis wata biyu. Wanda zai riƙe allo ya zama shi ne mai haƙƙi. In gidan gado ne a je kotu tun fenti bai bushe ba. Kuma kada ya biye wa masu dasa reshen mangwaro da dare, an yi a garinmu, hoton ranar taro ya tona su, suka jawo wa maƙwabtansu masu gaskiya ƙarin bincike da jinkiri.

Abu ɗaya ya rage mana. Sashe na 6 na dokar ya ce in an soke haƙƙin gargajiya a kan gonar da mutum ke nomawa, ƙaramar hukuma ta ba shi wata gonar a madadinta. Mai kimantawa ya nuna mini wannan tun zamanmu na farko, amma hankalina na kan kuɗi ban riƙe ba, sai bayan katafila ta wuce na tuna. Mu goma sha ɗaya muka haɗu muka rubuta takarda ta hannun hakimi, aka buga mana hatimin karɓa, lambar na bayan katin aikina ƙarƙashin tsohuwar. Zuwana na ƙarshe an ce ana neman fili, mu dawo bayan sallah. Kafin nan Baffa ya samo wa ƙanena aron eka ɗaya a gonar wani surukinsa, ya kai taki amalanke shida, yana jiran ruwan shuka.